Mai Riƙe da Kamara Ma Malami Ne

Kwanakin baya, kafin a tashi daga lakwal, na tambayi ƴan ajina wace waƙa ce ke tashe a wayoyinsu. Suka faɗa baki ɗaya. Na ce to, wani ya gaya mini abin da mawaƙin ke cewa. Aji ya yi tsit. Da na sauya tambaya na ce me kuka gani a kilip ɗin, sai hannuwa suka tashi sama: farar mota, bene mai wurin wanka, agogon zinariya, kuɗi ana watsawa kamar ana shiƙar hatsi. Wata yarinya har launin gyalen mai rawa ta kawo. Baitin waƙa ko ɗaya babu wanda ya riƙe.

Tun ranar nake ta juya maganar a raina. Mu iyaye da malamai mun saba tuhumar mawaƙi: me ya faɗa, wa ya zaga, wa ya yaba. Amma yau wanda ya fi yi wa ƴaƴanmu magana shi ne mutumin da ba mu san ko sunansa ba, mai riƙe da kamara, da abokinsa mai haɗa hotuna a kwamfuta. A da, waƙar Shata ko ta Malam Mamman Barka a rediyo muke jin ta, kowa ya zana hotonta a zuciyarsa. Yanzu an zana wa yaro hoton tun kafin ya ji kalma ta farko.

Wanda ke shakkar ƙarfin hoto ya tuna abin da ya faru a 2016, lokacin da ƙungiyar masu shirya finafinan Hausa ta Najeriya ta kori Rahama Sadau saboda fitowarta a bidiyon waƙar ClassiQ. Kalmomin waƙar ba su ta da ƙura ba. Abin da ido ya gani ne aka yi ta muhawara a kansa, daga Kano har nan Maraɗi.

Akwai wani tsohon ɗalibina da ya kama wannan sana'a. Na roƙe shi ya bar ni in bi shi wurin aiki, kuma na ga abin da nake so kowane yaro ya gani. An riga an naɗi waƙar a situdiyo. A wurin ɗauka sai a kunna ta a sifika, mawaƙi ya riƙa bin ta da baki, a maimaita baiti guda sau da yawa, a sauya kaya, a sauya wuri. Yini guda cur domin minti huɗu. Motar da ke cikin hoton aro ce, mai ita yana gefe yana duba agogo. Damin kuɗin kuwa takarda ce aka yanka, aka ɗora ƴar jikka goma a sama. Mawaƙin da ya fito kamar ɗan sarki, da aka gama, kabu-kabu ya hau ya koma gida. Bayan nan yaron nawa ya kwana biyu gaban kwamfuta yana daidaita motsin leɓe da sauti, yana gyara launi don fata ta yi sheƙi.

Ban ga laifin dabara ba, kowane fim da dabara ake yin sa. Damuwata ita ce ɗan shekara 13 bai san dabara ba ce. Yana ganin saurayin da bai girme shi da yawa ba yana watsa kuɗi, sai ya dubi mahaifinsa da ya dawo daga gona ko kasuwa a gajiye, ya fara raina shi. Daga nan ne karatu ke fita ran yaro, ya ce birbe me za ta ba shi.

Wasu iyayen sun zaɓi ƙwace waya. Na fahimce su, amma wayar maƙwabci tana nan, TikTok kuma ba ya neman izinin kowa. Ni ina ganin hanya biyu ce ta fi.

Ta farko, mu koya wa yara karanta hoto kamar yadda muke koya musu karanta rubutu. Uba ya zauna da ɗansa su kalli kilip guda tare, ya tambaye shi: wa ya biya kuɗin wannan? Me ake so ka yi sha'awa? Me ya sa aka nuna macen haka? Malami ma yana iya yin wannan cikin minti 15 a darasin harshe. Na gwada a ajina bayan na ba su labarin damin takarda, suka yi ta dariya, kuma tun daga ranar kallonsu ya sauya.

Ta biyu, mu daina ɗaukar aikin kamara a matsayin shashanci. Tsohon ɗalibin nan nawa sai da ya yi shekara yana ɓoye wa mahaifinsa abin da yake yi. Alhali ƙasar nan tana da tarihi a wannan fage. Umaru Ganda ne ya fara lashe babbar kyautar Fespaco a Wagadugu a 1972, kuma sunansa cibiyar al'adu ta Yamai ke ɗauke da shi. Mustafa Alasan, wanda ya daɗe zaune a Tawa, yana cikin waɗanda suka fara fim ɗin zane a Afirka tun shekarun 1960. A Yamai akwai makarantar da ake koyar da aikin sauti da hoto. A 2015 an fitar da fim sukutum da harshen Buzaye a kan kiɗan Mdou Moctar, an ɗauke shi a lungunan Agadas, kuma an kalle shi har Turai da Amurka. Ba wanda ya ari bene kafin a kalle shi.

Idan yaran kirki, masu tarbiyya da ilimi, ba su shiga sana'ar ba, waɗanda ba su damu ba za su ci gaba da riƙe ta, su yi ta kwafo abin da suka gani a Legas da Amurka. Ga fadar Sarkin Damagaram da gine-ginen Birni, ga tafkin Madarumfa, ga masallacin Yama, ga filin kokowa ranar da ake neman takobi, ga matan da ke daka suna waƙa. Yaron da ya san darajar waɗannan, aka kuma koya masa haske da tsara labari, shi zai yi wa mawaƙanmu hoton da kaka da jika za su kalla a tabarma ɗaya ba mai sunkuyar da kai.

Saboda haka in ɗanka ya ce yana son kamara, kada ka yi saurin cewa ya lalace. Ka tambaye shi me yake so ya nuna wa duniya, ka sa masa sharaɗin gama karatu, ka nema masa wanda zai koya masa aikin da gaskiya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.