Koren Ganye A Ƙirjin Rigar Roba

Wata sabuwar al'ada ta shigo manyan makarantunmu, musamman sassan da ake koyar da zane da tsara tufafi. Ɗalibi ya kai shekarar ƙarshe, an ce ya kawo aikin kammala karatu, sai ya ce zai kafa kamfanin kayan wasanni "marasa cutar da muhalli". Ya raɗa masa suna na Turanci, ya zana tambari mai koren ganye, ya je Kantin Kwari ya yanko yadi uku na foliyesta ɗan Chana, tela ya ɗinka masa jesi biyu da gajeren wando, abokai su saka a ɗauke su hoto a gindin bishiya, a zuba a Instagram. Malamai su tafa, a ba shi maki. Bayan wata uku ka nemi kamfanin, ko shafin ma ya koma kufai. Ni da nake zaune can nesa a ƙasar Aljeriya an sha turo mini irin wannan daga gida, tare da roƙon in taya yaɗawa. Ban taɓa yaɗa ko ɗaya ba, kuma ba zan yaɗa ba.

Laifin yaran kaɗan ne. Babban laifin yana wuyan wanda ya zauna a kujerar jarrabawa, ya ga kalmar "ɗorewa" a bangon aiki, bai tambayi daga ina zaren ya fito ba. Foliyesta roba ce, daga man fetur ake yin ta. Ba ta ruɓewa, kuma duk wankin da aka yi mata sai ta zubar da ƙananan zarurruka da ido ba ya gani, su bi ruwa su tafi. Buga mata hoton ganye a ƙirji bai sauya mata hali ba. Wasu ɗaliban kan ce ai za su sarrafa ledojin fiya-wata da suka toshe mana kwatoci su mayar da su riga. Ina ma! Ledar fiya-wata daban, robar gorar ruwa daban. Ta gorar ce ake narkewa a ja zaren foliyesta da ita, ita kuwa ledar sai dai ta zama wani abin. Malamin da ya bar wannan magana ta wuce a gabansa bai kyauta wa ɗalibinsa ba.

Ko manyan da ake kwaikwayo ɗin, sai a duba su da kyau. A gasar cin kofin duniya ta 2010 a Afirka ta Kudu, kamfanin Nike ya fito da jesin da ya ce an yi kowace ɗaya da gorunan roba da suka kai takwas. An yaba, kuma akwai abin yabo. Amma gorar da aka mayar gora tana iya sake zagayowa, wadda aka mayar riga kuwa galibi tafiyarta ta ƙare, sai bola ko dilar gwanjo. Dilar gwanjon nan kuma mu ake jibge wa. Su can suna da injinan, suna da kuɗin talla. Mu abin da muka kwaso kawai shi ne kalmomin tallan.

To, sai ɗaya ɓangaren, masu cewa a koma gida, a koma karofin Ƙofar Mata, a yi jesi da saƙi da baba. Waɗannan sun fi ba ni tausayi, don niyyarsu kyakkyawa ce, kuma tarihi yana bayansu. Bature Heinrich Barth da ya shiga Kano a 1851 ya rubuta yadda tufar Kano ke kaiwa Gat da Murzuk da Tarabulus da Tumbutu. Hanyar ba ta mutu ɗungurungum ba. A nan Tahifet, ƙauye a cikin duwatsun Ahaggar na yankin Tamanrasat, idan ana biki dattijon Buzu ya naɗa rawani mai ƙyalli, ka tambayi asalin irin wannan turkuɗi za a kai ka Kura. Yana ajiye shi shekara da shekaru, a naɗe a takarda, ba ya yarda ruwa ya taɓa shi, kuma shunin da yake bar masa a fuska ado ne a wurinsa. Jikansa kuma yana can fili yana buga ƙwallo da jabun jesin Riyad Mahrez wadda lambarta ta fara ɓarewa tun wanki na uku.

Kar dai shauƙi ya ɗebe mu. Abin da ya sa turkuɗi ya yi daraja shi ne zai sa ya zama masifa a filin ƙwallo: yana zuba, ba ya son gumi, ba ya son wanki. Auduga zalla kuma tana shan gumi ta riƙe, ta yi nauyi a jikin mai gudu, shi ya sa foliyesta ta kore ta daga fili. Sannan rinin da ake yi yau a lunguna da yawa na Kano na kemikal ne, da soda mai ƙuna, a gama a kwarara ruwan a kwata. Cewa abu na gida ne bai wanke shi ba. Wanda zai sa baba a kayan wasa sai ya zauna da marina ya gwada yadda launin zai kama, ya san a wace riga zai yi amfani, wataƙila ta 'yan kallo ko ta motsa jiki da safe, ba ta ɗan gaba mai lamba tara ba.

Ga kuma tambayar da ba a son ji: wa zai saƙa yadin? Masaƙar KTL ta Kaduna da aka buɗe a 1957 ta daɗe a rufe, Kakuri ta zama maƙabartar injina. Audugar Funtuwa da Gusau tana nan gwargwado, amma tsakanin gona da telan akwai rami mai zurfi. Aikin ɗalibin da bai leƙa ramin nan ba, bai fara ba.

Na san za a ce ina neman abin da ya fi ƙarfin ɗalibi, wanda da ƙyar ya biya kuɗin makaranta. Amsata ita ce wata ɗaliba, Cindy van den Bremen, da ta kammala makarantar zane ta Eindhoven a ƙasar Holan a 1999. Ba ta da masaƙa. Matsala ta gani: ana hana 'yan mata Musulmi darasin motsa jiki saboda ana tsoron ɗankwali da fil za su ji musu rauni. Ta zauna da 'yan matan, ta ji abin da suke so, ta tsara lulluɓin wasa da ba ya buƙatar fil. Aikin kammala karatun nan ne ya zama Capsters. Sai a 2014 hukumar dokokin ƙwallon ƙafa ta tabbatar da halaccin rufe kai a fili, sai a 2017 Nike ya fitar da nasa hijabin. Yarinya ɗaya ta riga su da kusan shekara ashirin, don ta fara daga mutum mai buƙata, tambari ya biyo baya. Abin kunya ne a ce Baturiya ce ta hango wannan, mu da abin ke cikin gidanmu muna ta zanen ganye.

Da ni ne mai ba da maki, ba zan buɗe shafin Instagram ɗin ba sam. Zan ce ɗalibi ya kawo mini ƙungiyar unguwa guda da ta saka rigarsa kaka ɗaya a fili mai tsakuwa. Ya kawo rigar bayan wanki talatin da sabulun sanda, in ga wuya da hammata da lamba. Ya gaya mini nawa ta tsaya masa, nawa ake sayar da 'yar Chana a kasuwa, da dalilin da zai sa kyaftin ɗin da ke tara karo-karon naira ɗari-ɗari ya zaɓi tasa. Idan ta yage, telan bakin layi zai iya gyara ta? Idan ma da foliyesta ya yi, ya faɗa ƙarara, ya nuna mini ta yi kaka uku inda waccan ke yin ɗaya, zan karɓa. Idan jesin gwanjo ya farke ya sake haɗawa ya fitar da na yara, zan ƙara masa maki.

Kasuwar kuma tana nan a buɗe. Makarantun 'yan mata daga Kano zuwa Katsina, daga Maraɗi zuwa Damagaram, suna yin gasar wasanni, kuma sau da yawa za ka ga yarinya tana gudun mita ɗari da hijabi har gwiwa, hannu ɗaya na riƙe da shi kar iska ta ɗage, ɗayan na neman daidaita gudu. Wasu iyayen ma saboda rashin suturar da ta dace suke hana 'ya'yansu fita. Shugabar makaranta ɗaya ta yarda da samfurinka, ka sami ɗinkin ɗaruruwan riguna, kuma telolin da za su ɗinka suna nan Fagge zaune a bakin keke.