SHARHI: Yadda birnin Montreal ya mayar da juji wurin shaƙatawa

A unguwar Saint-Michel da ke birnin Montreal na ƙasar Kanada akwai wani makeken rami da aka shafe shekaru ana fasa dutse a cikinsa domin yin siminti. Daga 1968 aka fara zuba shara a ramin, har ta kai kimanin tan miliyan 40. Mazauna unguwar, da yawansu masu ƙaramin ƙarfi, sun sha ƙura da ƙarar nakiya, daga baya suka sha wari, kuma ba su daina ƙorafi ba.

Hukumar birnin ta sayi filin a 1984, ta daina karɓar shara mai ruɓewa a 2000, sannan a 2017 ta buɗe sassan farko na lambun Frédéric-Back, wanda zai kai hekta 153 idan an kammala shi.

Lulluɓe juji da ƙasa da ciyawa shi ne ƙaramin aiki. Shara ba ta daina ruɓewa don an binne ta: tana fitar da iskar gas mai kama wuta, ruwan da ke tsatsowa daga cikinta yana iya gurɓata ruwan ƙarƙashin ƙasa, ƙasar kuma tana lotsawa sannu a hankali. Shi ya sa aka haƙa ɗaruruwan rijiyoyi masu zuƙo gas ɗin zuwa tashar samar da lantarki. Fararen ƙwallayen da masu ziyara ke ɗaukar hoto da su, murafun rijiyoyin ne. Wannan ɗawainiya ta gomman shekaru ce, kuma tana buƙatar kasafin da ba ya yankewa idan mulki ya canja hannu.

Akwai kuma batun adalci. Idan unguwa ta yi kyau, kuɗin haya yakan tashi. In babu gidaje masu rangwame, waɗanda suka jure wari su ne za su fara tattara kayansu.

Sakaci ya fi tsada. A Maris 2017 jujin Koshe na Addis Ababa ya rufta, ya hallaka mutum fiye da ɗari. A Kano kuwa, ana cike kududdufai da shara a yanka filaye, sai damina ta zo ruwa ya nemi makwancinsa a gidajen mutane. Kafin a yanka na gaba, matasa su tambayi masu neman ƙuri'arsu wa zai mallaki filin, kuma ina ruwan zai nufa.