Ƙofar Gareji Ba Hula Ba Ce

Duk wanda ya ratsa Tudun Wadar Zariya a 'yan shekarun nan, daga Ƙofar Doka har gangaren gadar Kubanni, zai lura da wani sabon yayi a fuskokin gidaje. An rushe tsohon ginin ƙasa, an tayar da na bulo, an shafe bango da fenti ruwan toka, sannan an kafa faffaɗar ƙofar gareji baƙa ƙirin, wadda aka jera mata siraran ƙarafa a kwance, tsaga na bin tsaga. In aka tambayi maigidan dalilin zaɓenta, amsar ba ta wuce guda: ta shiga da gidan. Launinta ya bi na tagogi, layukanta sun bi na katanga. Wato an zaɓi ƙofa yadda ake zaɓen hular da za ta hau babbar riga ranar ɗaurin aure.

Wannan ma'auni gurgu ne, kuma abin takaicin shi ne masu ilimin zamani ne suka fi riƙo da shi: likita, lauya, malamin jami'a, ma'aikacin banki. Mutumin da ba ya sa hannu a takarda sai ya bi ta layi-layi, shi ne zai miƙa wa mai walda hoton da ya gani a waya, ya ce a yi masa irinta sak, ya biya kuɗin da ya kai albashinsa na watanni.

Hoton nan ya cancanci a tsaya a kansa, domin daga nan cinikin biri a sama ya faro. Galibin ƙofofin da ake gani a irin waɗannan hotuna na gidajen Turai da Amurka ne, kuma a da yawa daga cikinsu tsagogin ado ne kawai. Siraran katakai ne aka lika a kan rufaffen ƙyaure mai hana sanyi shiga, don ƙofar ta saje da bangon da aka yi wa irin wannan lulluɓi. Ido ba ya ratsa ta, iska ma haka. Hoto ba ya nuna abin da ke baya, saboda haka mai kwaikwayo sai ya ɗauko zanen ya bar ƙyauren. Abin da ya samu a ƙarshe keji ne mai tsada, wanda aka kafa a bakin titin da ba ya rabuwa da 'yan acaba, da 'yan talla, da almajirai, da masu zaman dakali.

A nan ne maganar ta fi ƙarfin ado. A gidan Bazazzagi na dauri, zaure ne ke tsakanin titi da iyali. Magina ba sa daidaita ƙofar shiga zaure da ta fita, suna karkatar da su ne da gangan, yadda wanda ke tsaye a waje ba zai hango tsakar gida ba ko da an bar ƙyaure a buɗe. A wasu gidajen ma sai an ratsa zaure na biyu kafin a kai inda mata suke. A zaure ake sauke baƙo, a nan ake karatu, a nan ake cin tuwon dare da maƙwabta, a nan ake karɓar gaisuwar rasuwa. Da mota ta zo, a gidaje da dama ita ta gaje wannan wuri: aka fasa zaure aka yi gareji, baƙo kuwa ya koma yin sallama ta waya. Wannan asara ce mai zaman kanta. Amma tun da an riga an yi, aikin da zaure yake yi na suturta gida ya faɗa a wuyan ƙofar gareji, ko ta iya ko ba ta iya ba.

Ƙofa mai miƙaƙƙun tsagogi ba ta iya ba. Da rana tana yaudara, domin hasken waje ya fi na ciki, mai wucewa ba ya ganin komai sai duhu. Da magariba ta yi aka kunna fitilar tsakar gida, sai lamarin ya juye: na ciki ba ya ganin titi, na titi kuwa yana kallon matar gida tana shanya, yana ƙirga yara, ya san ko mota tana nan ko maigida ya yi tafiya. Ba a jima ba sai a ga an nemo tsohon kwano ko baƙar leda an toshe tsagogin daga ciki. Kyan da aka saya da tsada ya tafi ke nan, iskar da aka ce ana nema ita ma ta tafi. Ga kuma wani abu da ɓarawo ya riga maigida ganewa: ƙarafan da aka jera a kwance, in tazararsu ta isa shigar ƙafa, tsani ne aka gina masa kyauta a jikin katangar da aka kashe dukiya wajen ɗaga ta.

Kada a ɗauka tsagar ce abar ƙi. Hausawa sun san ƙofa mai tsaga-tsaga tun kafin a san gareji, sunanta asabari. Siraran karare ne ake saƙawa kusa da kusa a rataya a bakin ɗaki, iska ta shiga, na ciki ya ga mai zuwa, mai zuwa bai gan shi ba. Sirrin yana ga ƙanƙantar tazara. A ƙarfe kuwa ana samun wannan ta hanyar karkatar da kowane falle ƙasa ta wajen titi, na sama ya ɗan hau kan na ƙasa, kamar gilasan tagar luba idan an kusa rufe su. Irin wannan ƙofa tana shan iska, tana zubar da ruwa waje, tana tare ido dare da rana. Ta fi rufaffen get na falle guda, wanda ke mayar da gareji tanda a watan Afrilu. Sai dai ta fi cin ƙarfe da lokacin mai walda, kuma daga nesa ba ta kai ta hoto ƙyalli ba, shi ya sa ba a cika neman ta ba.

Sannan akwai yanayin gari, wanda bai san launin tagogi ba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana kaɗowa daga arewa maso gabas ɗauke da ƙurar Sahara, duk tsagar da ta samu ta shige, ta kwanta a kan mota da duk abin da aka ajiye. Da damina kuwa Zariya tana samun ruwan da ya kai kimanin milimita 1,000 a shekara, kuma hadarinta mai iska daga gabas yake tasowa. Tsofaffin magina sun san bangon gabas ne ya fi shan duka, shi suke fi kula da yaɓensa. Ƙofar da ta kalli gabas da buɗaɗɗun tsagogi ta gayyato ruwa har cikin gareji. Wadda ta kalli yamma kuma aka shafa mata baƙin fenti, da la'asar ba ta taɓuwa da hannu. Wanda ya nace sai katako kamar na hoto, ya shirya wa gara daga ƙasa, da bushewar hunturu mai tsattsaga itace. Ba banza ba kakanni suka zaɓi azarar giginya, wadda gara ba ta cika iya mata ba.

Abu guda ya wuce batun asarar kuɗi. Mutane da dama suna ajiye janareta a gareji, suna ganin tsagogin ƙofa sun isa fitar da hayaƙi. Ba su isa ba. Hayaƙin janareta yana ɗauke da iska mai guba marar launi marar wari, kuma in akwai ƙofa ko taga tsakanin gareji da ɗakunan kwana, tana iya bi ta nan ta kashe mutane cikin barci. Wurin janareta fili ne, nesa da tagogi, ko wace irin ƙofa aka saka.

Mai kare yayin zai ce mutum da kuɗinsa yana da ikon ƙawata gidansa, kuma aro daga waje ba laifi ba ne. Gaskiya ne, kuma Zariya ba garin da za a koya wa ƙawata fuskar gida ba ce. Garin Babban Gwani Muhammadu Durugu ne, wanda ya gina Masallacin Juma'a a zamanin Sarki Abdulkarim (1834 zuwa 1846). A tsakiyar ƙarni na 20 masu zanen bango na Zariya sun yi fice har A. H. M. Kirk-Greene ya wallafa ɗan littafi a kan gidajen a 1963, kuma cikin zane-zanen, ban da dagi, har da keke da mota. Su ma sun ɗauki baƙon abu, amma sai da suka murɗa shi ya zauna a bangon ƙasa, a ƙarƙashin zankwaye, a bakin zauren da bai fasa aikinsa ba. Aron yau kuwa ɗauko ne a dire, shi ya sa ya zama zanen aro, wanda ba ya rufe katara.

Ba mai walda ne abin zargi ba. Abin da aka nuna masa ya ƙera, a kan kuɗin da aka matse shi ya karɓa, shi ya sa yake sa ƙarfe marar kauri, ya tsallake jan fentin da ke hana tsatsa, ya bar bakin bututu a buɗe ruwa ya taru ya ci shi daga ciki. Laifin yana kan maigidan da bai yi tambaya ba, da mai zanen ginin da ya zana fuskar gida don ta yi kyau a allon kwamfuta. Wannan kuwa a garin da Jami'ar Ahmadu Bello take yaye masu zanen gine-gine tun kafuwarta a 1962.

Tambayoyin da suka kamata ba su da wuya. Ina ƙofar ta kalla? In mai buɗewa waje ce, lungun zai ɗauke ta ba tare da ta tare hanya ba? In mai turawa ce a kan taya, wa zai riƙa share yashin da ke cika layinta, kuma an sa mata matokari don kada ta zarce ta faɗo a kan yaro? In da na'ura take buɗewa, yaya za a yi ranar da babu wuta? Kafin a ba da kuɗin aiki, a sa mai walda ya haɗa ɗan guntu, faɗin kamu biyu ko uku, a jingina shi a gurbin ƙofar bayan sallar isha'i, a kunna fitilar ciki, maigida ya fita titi ya tsaya inda masu wucewa ke bi, uwargida kuma ta tsaya a inda ta saba yin aikinta.