Haura Katangar Jarida Ma Sata Ce

Akwai wata sabuwar dabara da samarinmu suka koyo, suna yi wa juna tallarta a majalisa kamar an gano rijiyar mai. Jaridu da dama na intanet sun gina katanga: ka karanta layi biyu ko uku, sai a ce biya kafin ka ci gaba. New York Times ta Amurka ta soma haka tun 2011, wasu suka bi sahu. To sai yaranmu su liƙa wata 'yar manhaja a jikin burauza ta haura musu katangar. Wata tana goge alamar da shafin ke ƙirga labarin da ka karanta da ita. Wata kuma shigar burtu take yi, ta ce ita ce na'urar Google mai bin shafuka, sai a buɗe mata ƙofa. Ka ji fa, tun daga tushe ƙarya aka yi wa mai gida.

In ka yi magana sai su ce: "Malam, ai ba mu rage komai ba, labarin yana nan inda yake." Ɗan'uwa, wanda ya zagaye mita ya ja wuta ma haka yake cewa, ai wuta ba ta ƙare ba. Direban da ya ɗauko ka daga Zuba zuwa Kubwa, ka sulale ba ka biya ba, motarsa ba ta ragu ba, amma ka ci guminsa. Ɗan jarida mota ya hau, kati ya saka, wani har tsare shi aka yi kafin labarin ya iso wayarka. Mu da muke kasuwar katako da kayan gini, wa zai yarda a ɗauki falanki ɗaya don wai yana da dubu?

Wasu kuma addini suke jawowa, wai ilimi ba a ɓoye shi. Ilimin da aka hana ɓoyewa daban, farashin ɗanyen mai da sharhin ƙwallo daban. Malamai ma sun riga sun duba wannan. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta yanke cewa haƙƙin mawallafi dukiya ce da Shari'a ke karewa, bai halatta a keta ba. Ba ta ce sai in mai shi Musulmi ne ko talaka ba, balle a ce "ai Bature ne, yana da kuɗi." Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2023, ita ma ta hana karya irin wannan makulli.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne mun ga ƙarshen wannan hali da idonmu. Ina 'yan kaset da faifan Kofar Wambai a Kano? Masu tura fim a waya suka cika kowace kwana, a ba da ɗan canji a kwashe fim goma, mai fim ko sisi bai gani ba. Kasuwar faifai ta mutu, 'yan Kannywood suka koma YouTube suna jiran kuɗin talla. Kakanninmu kuwa, da aka fara Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939, Abubakar Imam na edita, kwabonsu suke cirewa su saya, a lokacin da kwabo yake kwabo. Yau ita ma babu ita a teburin mai jarida, kuma mu ne masu kukan ba a ba da labarinmu sai an yi gobara ko rikici a kasuwa.

Na san dala ta yi tsada, biyan jaridar waje a naira ba wasa ba ne. To a bar ta mana, wa ya tilasta maka? Ga BBC Hausa, ga DW, ga RFI, duk kyauta, su da kansu suka buɗe ƙofa. Aron jaridar da maƙwabcinka ya saya kuma babu laifi, da yardarsa ka karɓa. In mutum goma a layi ɗaya suka haɗa kuɗi suka sayi Aminiya ko Daily Trust ta takarda, ta ishe su zagayawa har la'asar, da yamma kuma mai ƙosai ta samu abin naɗi.