Kowa Ya Bar Gida, Gida Ya Bar Shi? Raddi Ga Masu Zargin Ma'aikatan Hoton Likita

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a tarurrukan ƙungiyoyinmu na Agadas, wai ƴaƴanmu da suka yi karatu ba su da kishin jaha, da zarar takardar shaida ta shiga hannu sai su juya wa Abzin baya. Cikin waɗanda wannan zargi ke sauka a kansu akwai masu ɗaukar hoton jikin majiyyaci, wato masu aiki da na'urar da muke kira radiyo da ƴar'uwarta sikana. In ɗayansu ya shekara biyar a gida ba aiki, sai a ce malalaci ne mai zaman kashe wando a fada. In ya gaji ya nufi Yamai ko Maraɗi ko Damagaram, sai a ce butulu ne, a raka shi da karin maganar nan, kowa ya bar gida, gida ya bar shi. To, ina ake so ya sa kansa? Ina ganin wannan zargi zalunci ne, kuma malamai ya kamata su fara yin tir da shi.

Mu fara duba sana'ar kanta. Tela yana iya aza kekensa a zaure ya kama ɗinki, maƙerin azurfa yana iya hura wutarsa a bakin kasuwa. Mai ɗaukar hoton likita ba shi da wannan dama. Tun da Rontgen ya gano wannan haske a Jamus a 1895, aikin bai rabu da kaya masu tsada ba. Na'urar ta miliyoyi ce, ɗakinta sai an kāre bangonsa don kada hasken ya cuci na waje, tana son lantarki wanda ba ya rawa, kuma sai da likitan da zai karanta hoton. Ba saurayin da zai iya kafa wannan da gudummawar dangi. Wuraren da zai nemi aiki kuwa, a jahar da ta haura rabin faɗin Nijar, ta kuma fi ƙasar Faransa girma, ƴan kaɗan ne: babbar likitar jaha, likitocin gundumomin da ke da na'ura, na Arlit, sai ƴan kilinik masu zaman kansu. In waɗannan kujeru sun cika, magana ta ƙare.

Masu zargi ba su lura da abin da zama ke yi wa wannan ilimi ba. Aikin hannu ne da ido: yadda za a kwantar da mai karaya ba a ƙara masa ciwo ba, yawan hasken da ya dace da ƙirjin jariri, yadda za a kiyaye mace mai ciki. Hannun da ya daɗe bai taɓa na'ura ba yakan yi tsatsa. Na'urorin ma ba su tsaya jiransa ba, don wanda ya koyi wanke fim a ɗaki mai duhu zai tarar yau hoto a kwamfuta yake fita. In ya kai takardunsa a tambaye shi inda ya yi aiki a baya, alhali rashin wurin aikin ne ya kawo shi. Da yawa sukan ƙare ga aikin sa-kai, ba albashi, suna jiran jarrabawar shiga aikin gwamnati har shekarunsu su nemi wuce iyakar da doka ta gindaya.

Wannan hali yana da asali, kuma malamai sun fi kowa saninsa. Tsarin tsuke bakin aljihu da Bankin Duniya da Asusun Lamuni suka kawo a shekarun 1980 da 1990 shi ya taƙaita ɗaukar ma'aikata. Karyewar darajar sefa a Janairun 1994 ta ninka kuɗin duk kayan da ake sayowa daga waje. Daga ƙarshen shekarun 1990 aka cika azuzuwa da ƴan sa-kai da ƴan kwantiragi, fannin kiwon lafiya ma bai tsira ba. Manyan na'urori kuwa babban birni suka fi taruwa: a Yamai aka ƙaddamar da babbar likitar da Sin ta gina a 2016, a can kuma aka fara gashin ciwon daji da haske a 2021. Tsakaninmu da Yamai fiye da kilomita 900 ne. Wanda ya bi na'ura inda take, wane laifi ya yi?

Abin takaicin shi ne, da wuya a samu jahar da ta fi tamu bukatar waɗannan samari. Tun 1971 kamfanin SOMAIR ke haƙar yuraniyom a Arlit, COMINAK kuma ta yi aiki a Akokan daga 1978 har aka rufe ta a Maris ɗin 2021. Ƙungiyar Aghir In'man ta shekara da shekaru tana kuka kan lafiyar ma'aikata da mazauna, kuma a 2009 masu binciken Greenpeace sun auna haske mai yawa a wasu titunan Akokan. Daga 2014 dubban matasa suka kwarara Jado da Cibarakatan haƙar zinariya, suna shaƙar ƙurar dutse mai lalata huhu. Ga tarin fuka, ga haɗurran mota a hanyar Tawa. Duk waɗannan sai da hoto likita ke ganin cikinsu. Ƙasar da ta haskaka biranen Faransa shekara hamsin, ɗanta da ya koyi sarrafa haske don magani yana kan kabu-kabu yana neman na tuwo. Wannan shi ne gida bai ƙoshi ba an kai wa dawa.

Masu zargi suna da hujja guda: in kowa ya tafi, wa zai duba mu? Amma wanda ke zaune a fada ma ba ya duba kowa. Wanda ya samu aiki a Maraɗi hannunsa na nan a gwanance, ranar da aka buɗe gurbi a Agadas ko Bilma zai dawo da ƙwarewar da ba mu biya ko dala ba. Kuma yaushe tafiya ta zama abin kunya a Abzin? Garin nan ayari ne ya gina shi. Kakanninmu sun keta Tenere zuwa Fashi da Bilma ɗauko gishiri, sun gangara da shi Damagaram da Kano, ba wanda ya ce sun bar gida.

Abin da ya kamace mu shi ne mu sa tafiyar ta yi kyau. Ƙungiyoyin ƴan Agadas da ke Yamai da Damagaram su riƙa sanar da guraben aiki, su ba baƙo masauki har ya ɗauki albashin farko. Malamai su faɗa wa ɗalibi gaskiya tun kafin ya zaɓi fanni. Mai son tsallakawa Najeriya ya san cewa akwai hukumar rajistar masu wannan sana'a, ba a aiki sai da lasisinta, ga kuma Ingilishi. Mai hangen Libiya ko Aljeriya ba tare da takardun aiki ba ya san leburanci ne ya fi jiransa.

Sannan mu mai da tambayar ga masu ita. Dokar ma'adinai ta 2006 ta ware wa ƙananan hukumomin yankin da ake haƙa kashi 15 cikin 100 na kuɗin da ƙasa ke karɓa. A Yunin 2025 gwamnati ta mai da SOMAIR mallakar ƙasa, don haka uzurin baƙo ya ragu ƙwarai. Nawa daga wannan arziki zai tafi ga na'ura, da mai gyaranta, da albashin mai aiki da ita? Ga abin da ya cancanci a tayar wa jijiyar wuya a tarurrukanmu. Yaron da ya ɗauki jakarsa zuwa tasha kuwa, a yi masa addu'a, a kuma tanadar masa abin da zai dawo dominsa.