Makullin Akwatinka Ya Kwana a Aljihunka

'Yan'uwa malamai, rajistar TRCN da neman gurbin ƙarin karatu duk sai da adireshin imel. Amma da yawanmu a Makoda mai shagon kwamfuta ne ya buɗe mana akwatin, kuma kalmar sirrin na hannunsa har yau. Wa zai bar makullin rumbunsa a kasuwa?

Mu zaɓa da lura. Gmail na da sauƙi, amma Google na iya goge akwatin da ya shekara biyu ba a leƙa ba. Kutsen 2013 ya shafi akwatunan Yahoo biliyan 3. Proton Mail ya fi tsare sirri, sai dai ma'ajiyarsa ta kyauta ƙarama ce.

Kowanne ka ɗauka, canza kalmar sirri yau, ka haɗa shi da lambar wayarka. Allah Ya tsare mana asirinmu.