Minsharin da ke yankewa: mu daina dariya, mu fara faɗa

A bazarar bara, lokacin gyaran takardun jarrabawa, mu malamai shida muka riƙa kwana a tsakar gida ɗaya saboda zafi. Cikinmu akwai wani dattijo mai jiki, wanda minsharinsa ke hana kowa runtsawa. Abin da ya fi ba mu dariya shi ne yadda yake yin sa: ya ja, ya ja, sai tsit, kamar an kashe injin niƙa. Har ka fara tunanin ko lafiya, sai ya fizgo numfashi kamar wanda aka tsamo daga rijiya, ya juya, ya ci gaba. Da safe mu tsokane shi, ya ce shi bai san an yi ba. Da hantsi kuwa yana gyangyaɗi a kan takardu. Maganin hawan jini iri uku yake sha, amma tansiyon ya ƙi sauka. Ba a yi wata biyar ba muka je duba shi a asibiti, ɓarin jikinsa na dama ya shanye.

Ba zan rantse cewa minsharin ne ya kayar da shi ba. Amma mu biyar mun ga alama ƙarara, muka mai da ita abin raha. Shi ya sa nake wannan rubutu.

Abin da muka gani cuta ce mai suna a likitance: ɗaukewar numfashi cikin barci. Idan mutum ya yi barci, naman maƙogwaro yana saki. Ga wasu, harshe da wannan nama sukan faɗa baya su toshe hanyar iska. Numfashi ya tsaya daƙiƙa 10 ko fiye, iskar oksijin ta ragu a jini, sai ƙwaƙwalwa ta zaburar da mutum don ya buɗe maƙogwaro. Ba ya tuna wannan farkawa. Likitoci suna ƙidaya sau nawa hakan ke faruwa a awa ɗaya: daga 5 zuwa 15 mai sauƙi ne, 15 zuwa 30 matsakaici, fiye da 30 mai tsanani.

To, ina ruwan zuciya? A barcin mai lafiya, bugun zuciya yana lafawa, tansiyo ya sauka da kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari. Dare ne hutun zuciya. Wanda numfashinsa ke ɗaukewa kuwa, duk zabura ɗaya jikinsa yana sakin sinadarin firgici, jijiyoyin jini su tsuke, tansiyo ya yi sama. Mai sau 30 a awa, in ya yi barcin awa bakwai, ya firgita zuciyarsa fiye da sau 200 kafin kiran assalatu. Shekara da shekaru a haka, hawan jinin ya zauna har da rana, ya ƙi jin magani. Wani bincike da aka yi a jihar Wiskonsin ta Amurka, aka buga a 2000, ya nuna masu sau 15 ko fiye a awa sun kusa ninka waɗanda ba su da cutar sau uku wajen kamuwa da hawan jini bayan shekara huɗu. Cutar kuma tana tafiya tare da rikicewar bugun zuciya, gazawar zuciya da shanyewar ɓarin jiki.

Malamai, yara ma tana kama su. A wajensu yawanci kumburin naman maƙogwaro ne da na bayan hanci. Yaron yana kwana baki buɗe, yana minshari, wani lokaci har da fitsarin kwance. A aji ko dai ya yi ta barci, ko ya kasa zama wuri ɗaya. Masu ciwon sikila, wanda muke kira emasi, sun fi sauran yara shiga wannan hali, ƙarancin oksijin kuma yana da haɗari ƙwarai gare su. Kafin mu ɗauki bulala mu ce raggo ne, mu tambayi uwarsa yadda yake kwana. Iyaye kuma, don Allah kada a kai shi wurin wanzami a cire beli. Yanke beli ba ya taɓa naman da ya toshe hanya, ga zubar jini, ga ƙwayoyin cuta. Likitan kunne, hanci da maƙogwaro ne zai duba, kuma aikin da yake yi yana warkar da yara da yawa.

Na san abin da za a ce: ina muka ga kayan gwajin barci a ƙauye? Gaskiya ne. Na'urar CPAP, wadda ke hura iska ta hanci don hanya ta zauna a buɗe, wani likita a Ostireliya mai suna Colin Sullivan ne ya fito da ita tun 1981, amma tana da tsada, tana kuma son wutar lantarki dare duka. Ba ta kuma yin siddabaru: babban gwajin da aka buga a 2016 a kan masu ciwon zuciya ya nuna ta rage musu barcin rana, amma ba ta rage bugun zuciya da shanyewar jiki ba, ko da yake a matsakaici awa uku da ɗoriya kawai suka riƙa sa ta a dare.

Sai dai rashin na'ura bai ɗaure mana hannu ba. Rage ƙiba da kashi 10 cikin ɗari yana rage ɗaukewar numfashi da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Kwanciya a gefe ta fi rigingine. Taba, giya da ƙwayoyin sa barci suna ƙara ta'azzara cutar. Awon tansiyo kuwa ana yin sa a kowace likitar unguwa. Mai minshari, mai kaurin wuya fiye da santimita 40, mai barcin rana, ya je a auna shi, ya kuma faɗa wa likita yadda yake kwana. Balle direban da ke ɗaukar rayuka daga Maraɗi zuwa Yamai.

Matsalar ita ce mai cutar ba ya jin kansa. Wanda ke kwana kusa da shi ne shaida, kuma sau da yawa matarsa ce. Kunya takan hana ta cewa maigida yana minshari, shi kuma in an faɗa ya ji an ci masa fuska. Uwargida, in kin ji numfashinsa ya tsaya, ki ƙirga, ki ɗauki sautin da waya in ya yarda, ki faɗa masa cikin ladabi, ki nace har ya je asibiti. Maigida, kai kuma ka saurara. Mu da muka yi dariya a tsakar gidan nan, har yau muna cizon yatsa.